Farantan da Tata Melchor Ya Shanya

9 ga Yuni, 1957

Zuwa ga matata Eduviges,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara. Ya tarin Mama? Ni lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake.

Kin tuna balan-balan ɗin da muka yi wata takwas muna haɗawa a tashar bincikenmu, wanda zai kai farantan hoto can ƙololuwar sama su kamo sawun hasken da ido ba ya gani? Irin farantan nan, da zarar rana ta taɓa su, sun lalace. Sau uku ina roƙon shugabanmu, Dakta Arismendi, ya bar ni in zaga ƙauyuka in yi gargaɗi da harshenmu na Aymara, kada kowa ya buɗe akwatin farantan in ya faɗo. Wai ai ya rubuta da Sifaniyanci a jikin akwatin. Wa zai karanta? Tumaki?

Akwatin ya faɗo a fadamar wani tsoho, Tata Melchor, wato Baba Melchor. Da ya ga ya jiƙe, sai ya buɗe, ya jera farantan a kan ciyawa yadda muke shanya dankali. Kwana uku yana gadinsu, sannan ya goyo su a bargo, tafiyar yini biyu, ya kawo mana yana murmushi.

Kin san tukwicinsa? Dakta ya sa 'yan sanda sun kulle shi! Yanzu kuma ya ajiye mini takarda in sa hannu, wai na gargaɗi ƙauyen, tsohon ne ya yi ganganci. In na ƙi, a bakin aikina. Wannan mutum ko kunya!

Mijinki,
Saturnino

14 ga Yuni

Eduviges tawa,

Ina gaishe ki, ki shafa mini kan yara. Ban sa hannu ba. Gaban alƙali na je na faɗi gaskiya, Dakta na zaune yana harara ta. An saki tsohon, ni kuma an kore ni. Na san za ki yi kuka, ki yi haƙuri, ranar Asabar ina tafe.

Jiya na raka tsohon tashar mota. Babu wanda ya yi masa bayani da harshensa, bai ma san laifinsa ba. Ya riƙe hannuna ya ce, ɗana, ko ba su gama bushewa ba ne?

Na ce masa sun bushe sarai, Tata.

Naki har kullum,
Saturnino