Hannuwanki a bangon Biyana

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa da ladabi, na zo miki da labarin Baturiyar nan 'yar Ostiriya da kika raɗa wa suna Mai Hula.

Kin san ta lokacin ba ta da komai sai kyamara ɗaya da takalmin roba. Ta yi hayar tsohuwar fijo tawa, muka yi ta yawo daga Gusau zuwa Tsafe da 'Yandoto, har na kawo ta gidanmu a Bungudu. Kika ce fuskarki ba ta kallon duniya ba ce, in dai hannu ne ta ɗauka. Ta durƙusa da kyamara ta ɗauki hannuwanki a fim kuna kaɗin auduga ke da Gwaggo Asabe.

To, Inna, yau Mai Hula ta zama babba. Wani ɗalibi ɗan Wonaka da ya dawo daga can ya ce finafinanta sun ci kyaututtuka, tana koyarwa a jami'a, kuma a Biyana, babban birninsu, an ba ta ɗaki guda tana haska hannuwanki a bango uku, mutane na bin layi. Ta aiko shi ya kawo mini kaset ɗin fim ɗin.

Ni ma ban zauna ba. Tun da aka ba mu jiha na sayi bas biyu, na buɗe shagon bidiyo, ba wanda ya ɗaga ni sai Allah. Amma ni ɗan fari ne. Ba ki taɓa kiran sunana ba, ba ki taɓa yaba mini a gabana ba. Ranar da na yi miki rufin kwano ma cewa kika yi ƙarar ruwa za ta hana ki barci. Kika rasu ban san ko kin ga ƙoƙarina ba.

Na sa kaset ɗin da hantsi, na ja ƙofar shago. Ashe Mai Hula ba ta yanke hirarku ba. Hausa ba ta ji, sautin ne ya yi mata daɗi. Gwaggo na cewa direba ba ya tara komai, sai na ji kin ce: “Wancan mai taurin kan? Ƙyale shi. In na ji motatai ta tsaya ƙofar gida, ko ban ci ba na ƙoshi.”

Na yi dariya har hawaye suka zo. Kin ɓoye wa ɗanki magana, ga shi Turawa na sayen tikiti su ji ta safe da yamma, ba su san me ake cewa ba. Ni kaɗai aka yi wa fim ɗin nan, Inna.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya saka wa Mai Hula da alheri. Amin.

Naki,
Mai taurin kan nan