Mai Sauraro Ba Ya Cika Aji

Martano, Oktoba

Zuwa ga ƙanwata Addolorata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da jikoki, kuma sanyin Beljiyam bai tayar miki da ciwon gwiwa ba. Ni dai ina nan, yau da sauƙi, gobe babu.

Kada ki yi dariya, yayanki ya koma makaranta. Kin tuna Loredana, 'yar marigayi Pantaleo mai gasa burodi? Ita ke koyar da Girkancin ƙauyukanmu, yaren da muka gada, a jami'ar birni. Mun haɗu a bakin coci, take gaya mini kwas ɗinta na zaɓi ne, ba na tilas ba, kuma a ƙa'ida kwas na zaɓi in bai samu ɗalibai biyar ba, rufe shi ake yi. Huɗu gare ta. Washegari na sa kwat ɗin da na sa a jana'izar matata, na hau bas.

Matar ofishin rajista ta dube ni ta ce, "Baba, jikan naka ya zo da kansa mana." Na ce ni ne jikan. Ta ce, "To, digiri za ka yi ko sauraro?" Na ce me zan yi da digiri, a kabari zan rataye shi? Ta rubuta ni mai sauraro. A zamaninmu wanda ya zauna a benci, ɗalibi ne.

Yanzu mun cika biyar.

Yayanki,
Brizio

Martano, Disamba

Addolorata,

Ina gaishe ki. Yaya jikin maigidan? Wasiƙarki ta iso, da safar da kika aiko mini. Na ga faɗan da kika yi mini, na kuma ga da Italiyanci kika yi shi, ba da Girkancinmu ba. Ban ce laifi ba ne.

Ajin ƙarami ne, kusa da ɗakin ajiyar tsintsiya. Da Loredana ta gan ni, na ce mata na yi rajista, sai ta juya wajen allo ta daɗe tana gogewa, alhali babu rubutu a kai. Yaran suna ce mini Kaka. Akwai wani Oronzo, bakinsa ba ya hutawa. Ya ce, "Kaka, in ka faɗi jarrabawa, iyayenka za mu kira." Na ce suna nan bayan coci, ya je da wuri kafin a kulle maƙabarta. Yaran dai maki suke nema don cika digiri, na sani. Amma ranar da wata Fiorenza ta yi waƙar reno irin wadda mahaifiyarmu take miki, ko da ta karkace, sai da na fita waje.

Ƙirjina ya kama. Likita ya hana ni bas ɗin safe. Amma an ce wanda bai halarci kashi uku cikin huɗu na darussa ba, cire sunansa ake yi. Don haka ina zuwa. Kada ki rubuto wa likitan.

Naki,
Brizio

Martano, Maris

Ƙanwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki yi haƙuri da rubutun. Na yi kwanaki a asibiti, jiya aka sallame ni.

Majalisar tsangaya ta zauna. An rufe kwas ɗin daga baɗi. Loredana ce ta zo ta gaya mini, da lemo a jaka. Ashe mai sauraro ba ya shiga ƙidaya. Sai ɗalibin digiri, wanda ya sa kwas ɗin cikin tsarin karatunsa. Tun ranar farko huɗu ne. Ta ce, "Kawu, da ka tambaye ni." Na ce to a mayar da ni ɗalibin digiri yanzu. Ta ce an rufe rajista tun kaka, kuma kwas ɗin da aka cire ba a iya zaɓensa, wanda ba a zaɓa ba kuwa ba ya dawowa.

Ita an tura ta koyar da Turanci ga 'yan shekarar farko. Shi na tilas ne, aji cike.

Ta roƙe ni in bari ta ɗauki muryata, duk abin da na tuna, addu'o'i da zagi da sunayen iska. Na yarda. Muna yi kaɗan kaɗan, in numfashi ya bari. Za a ajiye a ɗakin karatu na jami'a, hawa na uku. Wanda zai saurara sai ya nuna katin ɗalibi.

Ki gaishe da yara. Ba sai kin zo ba.

Yayanki,
Brizio