Na Cire Madubi, Hasken Bai Canza Ba

Anti Rauda, ki taimaka mini da shawara, don kwana goma ke nan ina gida Kusada ina cin tuwon da yake ƙin wuce mini.

Ina karatun digiri na uku a wata jami'a a ƙasar waje. Aikina, in an bar dogon turanci, shi ne in sa roba ta fitar da hasken leza, siririn hasken nan da ke tafiya a miƙe ba ya bazuwa. Ba robar bokiti ba ce, wata iri ce da ake haɗawa a ɗakin gwaji, lantarki yana bi ta cikinta. Nakan shafa ta tsakanin ƙananan madubai biyu masu fuskantar juna, ratarsu ba ta kai kaurin gashi ba, sai in haska ta. Hasken zai yi ta kai da komowa tsakaninsu yana ƙara ƙarfi, in an dace ya fito leza. Shekara uku ban dace ba.

A watan Sha'aban na ga abin da nake nema. Hasken da ya saba fitowa a baje ya tsuke, ya zama launi ɗaya. Farfesan da ke duba aikina ya yi murna, muka rubuta takarda muka tura wa mujalla. Ni kuma, ko safar hannu ban tuɓe ba na buga wa Baba waya.

Baba malami ne, da hannunsa yake rubuta Alƙur'ani. Lokacin da zan tafi, amininsa Malam Ɗalha ya ce 'ya mace ba ta da abin nema a ƙasar da ba a jin kiran salla. Baba bai yi musu ba, bai kuma hana ni ba. To da labari ya zo, sai aka yi walima. Gwaggo Lami ta kai zancen har kasuwar Kankia, inda na ji yanzu ni ce na ƙera tocila da leda. Malam Ɗalha da kansa ya zo ya yi addu'a, ya kuma bar 'yarsa Nana Aisha ta nemi jami'a, fannin kimiyya.

Ana saura kwana biyu in taho hutu na sake gwajin, na cire madubi ɗaya don kawai in tabbatar. Ya kamata hasken ya koma a baje. Anti, bai canza ba. Wato madubaina ba su yi komai ba, robar ce ita kaɗai take ƙara wa haske ƙarfi, kuma wannan ba leza ba ne. Ba wanda ya sani. Mai yiwuwa masu duba takardar ma ba za su gano ba. In na yi magana, ina tsoron Baba ya ji kunya a gaban Malam Ɗalha, a kuma ce Nana Aisha ta zauna. In yi shiru?

'Yar Malam, Kusada

'Yar Malam, sannu da ƙoƙari.

Tsoronki ba na banza ba ne. Na san garin da aka ci walima ba ya son a biyo shi da gyara. Amma in takardar nan ta fito, wani a wata ƙasa zai maimaita gwajin, zai cire wannan madubin, kuma bai san Nana Aisha ba balle ya tausaya mata. Yau kuskure kika yi. Ranar da ya gano kuwa ɓoyewa za a ce kin yi, kuma wannan ba ya wankuwa da sauri.

Ki rubuta wa farfesanki yau. Ki tura masa abin da kika auna, ku janye takardar ku gyara. Zai ɗaure fuska kwana biyu, farfesoshi sun iya. Na tambayi wata da ta san fannin, ta ce robar da ke ƙara wa haske ƙarfi ita ce rabin aikin, saura madubi ya zauna daidai. Ashe shekara ukun ba su tafi a banza ba.

Baba kuwa, ki same shi shi kaɗai. Mutumin da ya rubuta Alƙur'ani da hannu, ba ya sa shi a gafaka sai ya kai wa wasu alarammomi sun bi shi wasali-wasali suna neman inda ya kauce. Ki ce masa kin duba aikinki, kin samu gyara. Ba na jin zai nemi ƙarin bayani. Ki bar shi ya gaya wa Malam Ɗalha, harshensu ɗaya. Ban ce miki Malam Ɗalha ba zai yi gunaguni ba, amma ban ga alamar madubi ne ya sa ya bar 'yarsa ba. Ya ga kin tafi ba ki zubar da mutuncinki ba ne. Ki riƙe wannan.

Gwaggo Lami ki ƙyale ta da tocilarta.

Ki ci tuwonki. Allah ya sa ranar da kika sake cire madubin, hasken ya baje.

Anti Rauda