Inna ta ce ta warke, ni kuwa na san motar take gudu

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin don girman Allah a sakaya sunana, akwai 'yan garinmu a ciki. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure.

Mu biyu ne maza a wajen mahaifiyarmu, ni da Yayana, a wani ƙauye can ciki bayan Kafur. Ni koyarwa nake yi, shi noma da sayar da hatsi. Da mahaifinmu ya rasu ya bar mana tsohuwar motarsa, ba mu raba ba, duk mai buƙata ya ɗauki makulli a ɗakin Inna. Bara da kaka Yaya ya kai ta gareji a Malumfashi aka cire mata sufirin na baya, wato ƙarfen da ke ɗaukar nauyin mota a kan tayoyi, aka sa na babbar mota, har da ƙarin roba, don ta riƙa ɗaukar buhunan masara zuwa kasuwar Bakori ba tare da gindinta ya taɓa ƙasa ba. Ban ce komai ba, don da wannan hatsin ake ci da gidan gaba ɗaya, har da ni mai albashin da ba ya kai tsakiyar wata.

To bana Inna ta zame a bakin rijiya ta bugu a ƙugu, likita ya ce a riƙa kai ta gashin ƙashi Funtua duk mako. Nan na gane abin da aka yi wa motar. In da kaya lafiya lau take, amma in babu kaya tsalle take yi kamar ɗan akuya, rami ɗaya za ka shiga ta yi ta rawa har ka kai na gaba. Da farko na zaci iskar taya ce ta yi yawa, mai faci ya rage, a banza. Na je wajen bakanike, ya danna bayan motar da ƙarfi ya saki, muna tsaye muna kallo tana ta lilo ita kaɗai. Ya leƙa ƙasa ya nuna mini shokazoba, masu hana mota tsalle, duka biyun sun zubar da mai, sun mutu. Ya ce ko ya sa sababbi, muddin wannan sufirin yana nan ba za ta yi laushi ba, kuma su ma ba za su daɗe ba, sai an mayar mata da irin nata na asali. In kuwa aka mayar, zancen lodin masara ya ƙare.

Na sami Yaya da maganar cikin ladabi, ya hau ni da faɗa, wai ina so in karya shi ana tsakiyar kaka, wai ni ban san wahalar buhu ba sai ta alli. Ya ce in ɗora buhu biyu a but ɗin bayan motar duk ranar asibiti, za ta zauna. Na yi hakan, ta ɗan lafa, amma hanyarmu ba ta da kyau ko kaɗan. Da na sake magana sai ya tafi ya tambayi Inna a gabana ko motar tana damunta, ta yi murmushi ta ce ita ba ta jin komai. Ya kalle ni ya fita.

Wallahi ba gaskiya ta faɗa ba. A madubi nake ganinta, ta riƙe ƙofa da hannu biyu, ta cusa bakin mayafinta a baki tana cije shi don kada in ji nishinta. Ranar da na tsaya a gefen hanya na ce Inna me ya sa kika ɓoye masa, sai ta kama hannuna ta ce in dai ita ta haife ni kada in faɗa masa, ba za ta zama sanadin rabuwar 'ya'yanta a kan ƙarfe ba, kuma abincin jikokinta a bayan motar nan yake. Na yi mata alkawari, yanzu alkawarin ya zame mini ƙaya. Motar haya ba ta shigowa garinmu, sai an hau babur an fita titi, wanda ya fi muni, shata kuma duk mako ba zan iya ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, makon jiya na ɗauko makulli sai Inna ta ce in mayar, wai ta warke, ba sai an koma Funtua ba. Yaya yana ta hamdala yana faɗa wa mutane. Ni kuwa jiya na shiga gaishe ta na tarar tana sallah a zaune, ta idar ta kasa miƙewa sai da ta ja jiki ta dafa gado.

Jama'a yaya zan yi? In saci motar in kai a canza sufirin, Yaya ya wayi gari da masara a ƙasa, a yi rigimar da take tsoro? Ko in karya alkawarin uwata in faɗa masa gaskiya? In na yi shiru kuma, ina ji ina gani ƙafar Inna za ta tafi.