Babi Na Bakwai Da Ɓaunar Apá

Becora, Dili
Talata, 14 ga Mayu, ƙarfe huɗu da kwata na yamma

Zuwa ga yayana abin alfaharina, Maun Aleixo, a Dungannon, can Turai.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙanwa ga yayanta, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Mana Delfina da ɗanku Tomé. Allah ya kare ku daga sanyin can, ya ƙara maka ƙarfin tsayuwar da kake yi a masana'antar kaji, ya sa ciwon kafaɗar da ka ambata lokacin Ista ya wuce ke nan. Ina rubutu ne a barandar goggonmu Tia Rosália, a kan teburin guga, domin an ɗauke wuta tun ƙarfe biyu kuma cikin ɗaki ba ya zaunuwa. Da na gama zan ɗauki hoton shafukan in turo maka ta waya. Na zaɓi rubutu maimakon kira saboda ka san halina: da ka ɗan ɗaga murya sai lissafina ya watse, in ce to, alhali ba to ba ce a raina.

Mahaifiyarmu Amá lafiya lau. Na je Venilale ranar Asabar na gan ta da idona. Kumburin ƙafar ya ragu, kuma tana shan maganin hawan jinin, na duba kwalbar da kaina. Shinkafar fadama ta fara yin ja, Amá ta ce ƙarshen wata za a shiga girbi. Tia Rosália tana nan da ɗan shagonta na bakin titi da faɗanta. Ni kuma aiki bai samu ba tukuna. Na kai takardun digirina makarantu uku, biyu sun yi shiru, ɗaya ta ce in dawo a Yuli ko za su buƙaci mai koyar da harshen Fotugis.

Maun, maganar ɓaunar Apá, marigayi mahaifinmu, ce ta sa na zauna rubutu. Ranar Alhamis ka kira ƙanen mahaifinmu, Tiu Cornélio, ka ce a sayar da ita a zuba kuɗin a kirifto, kuɗin intanet ɗin nan, tunda farashi ya karye, kafin Agusta a fitar a sayi biyu. Mai saye zai zo da mota ranar Asabar mai zuwa da safe. Ita ce ɓaunar da aka ware domin kore metan ɗin Apá, ranar 17 ga Agusta, ranar da za mu tuɓe baƙaƙen kayan makokinsa, kuma ba mu da wata. Tiu ya ce ka gaya masa ƙanwarka ce ta rubuta yadda ake saye, don haka ba abin tsoro. Gaskiya ne sunana yana kan wannan shafi, kuma ni na turo maka shi a Fabrairu saboda murna. Shi ya sa nake so ka san abin da ke gabansa da abin da ke bayansa.

Ƙungiyar da na shiga bara ta masu jin Fotugis ce, 'yan Brazil da Portugal da Angola da Mozambique, da mu biyu daga nan. Muna fassara littafin jagora na wannan kirifton daga Turanci zuwa Fotugis, ni da abokin karatuna Januário mu mayar da shi harshenmu na Tetum. Ba a biyan kowa. Ni abin da ya kai ni shi ne in gyara Fotugis ɗina, in kuma samu abin rubutawa a takardar neman aiki. Littafin babi takwas ne, dokokinmu kuma biyu. Ta farko, duk wanda ya sa sunansa a kan babi, babin nasa ne, ba mai taɓawa sai ya sake shi da bakinsa. An kafa ta ne bayan wani ɗan Lisbon da wani ɗan São Paulo sun fassara babi ɗaya a tare, suka kwashe makonni suna gardamar Fotugis ɗin wa ya fi. Ta biyu, ba a wallafa komai sai mutum na biyu ya karanta layi bayan layi ya sa sunansa.

Lokacin da farashi ke hawa mu arba'in da ɗaya ne, kuma kowa babi mai daɗi yake wawa: yadda ake buɗe asusu, yadda ake saye, yadda ake aikawa. Babi na bakwai, wanda ke bayanin asara, wani mai suna Wanderley ne ya sa sunansa a kai tun Janairu. Ya ce kada kowa ya damu, mako ɗaya ya gama, ai ba mai gaggawar karanta labarin jana'iza ranar biki. Aka yi dariya, har da ni. A Afrilu farashin ya faɗi da kashi biyu cikin uku a ƙasa da mako biyu. Wanderley ya daina amsa saƙo, hotonsa ma ya ɓace, amma sunansa yana nan a kan babin. Duk wanda ya ce a taɓa sai a ce doka ce, a jira shi. Januário ya riga ya sayar da babur ɗinsa ya zuba, yanzu in ya hango ni a unguwar Colmera sai ya tsallaka titi. Haka littafin ya zauna a buɗe ga duniya, yana koya wa mutane shiga, ba ya gaya musu abin da ke ciki.

Da na isa gida ranar Asabar na tarar an ɗaure ɓaunar a gindin bishiyar mangwaro, an wanke ta, domin mai sayen ya riga ya zo ya duba haƙoranta. Tiu Cornélio yana ganina ya ce ga Dotora mai digiri ta iso, a kawo kujerar da ba ta karye ba. Na gaya masa ban yarda da sayarwar ba. Ya ciro wayar jikarsa, ya nuna mini sunana da manyan baƙaƙe, ya ce to wace Zelinda zai ji, ta cikin waya ko ta gabansa? Ya ce shekara huɗu kana yanka kaji cikin ƙanƙara don in yi karatu, yau karatun ya nuna hanyar arziki, ni kuma na zo na tsaya a ƙofa kamar akuyar da ta ga ruwa. Na yi ƙoƙarin bayani, amma ka san ni, sai na shiga kawo kashi kaza cikin ɗari, shi kuwa ya ce in ajiye lissafi sai ranar jarrabawa. Ya ce shi ɗan aike ne, maganar babban ɗa ce, kuma babban ɗa ne kaɗai zai kwance ta.

Amá tana gefe tana taunar bua, goron nan namu, bakinta jawur. Da ya gama ta ce ita ba ta san wannan kirifton ba, ba ta kuma neman saninsa. Abin da ta sani, 'yan'uwanta za su sauko daga Ossu da tufafin saƙa da aladu kamar yadda ya wajaba a kansu, kuma dole gidan mijinta ya tarbe su da ɓauna. Ta tambayi Tiu ko waya zai dafa musu. Ta ce in ba ɓauna a ranar, ba za ta tuɓe baƙi ba, za ta ci gaba da sa shi har sai abin cikin wayar ya haifi ɗan maraƙi. Tiu ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Da yamma na ga ta kai wa ɓaunar ganyen ayaba tana yi mata magana ƙasa-ƙasa, irin yadda Apá yake yi.

Na dawo Dili ranar Lahadi, na yi abu ɗaya da doka ta ba ni dama. Mai fassara yana iya janye babinsa domin gyara, sai na janye babi na biyu na Tetum, wanda ke koyar da saye. In ka buɗe yanzu ba za ka ga komai ba, kuma ni na yi, ba matsalar intanet ba ce. Ba wai akwai kuskure a ciki ba. Na sake karanta shi sau biyu, kowace kalma daidai take da ta Turancin. Amma ba zan bar sunana a kan rabin magana ba. Mutum uku sun turo mini saƙo suna tsiya, ɗaya ya ce 'yar Timor ta tsorata da ɗan yayyafi. 

Jiya Litinin da safe muka yi taron mako, su can daren Lahadi ne. Mu huɗu muka halarta. Mai kula da ƙungiyar, Dona Zuleide, tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce a Recife, kuma ta gaya mana ita ma abin ya ci kuɗin da ta tara domin gyaran rufin gidanta. Na ba su labarin ɓaunar. Wani ɗan Luanda ya ce a jira Wanderley mako ɗaya tukuna, doka doka ce. Dona Zuleide ta ce, 'yata, shekara talatin na yi a asibiti, ban taɓa ganin an bar mara lafiya yana zubar da jini don likitan da ya sa sunansa a gadon ya tafi hutu ba. Ta ce Wanderley ya zo ya kai ta ƙara in ya ga dama, ta goge sunansa ta sa nawa. Na gama Fotugis ɗin jiya, ta duba ta gyara mini wuri shida. Tetum ɗin na gama shi yau da azahar.

Ga abin da ke ciki a taƙaice. Abin da ya faɗi da kashi biyu cikin uku sai ya ninka sau uku kafin ya koma inda yake, kuma faɗuwar jiya ba ta hana ta gobe. Ana cire wani abu wajen shiga, ana cirewa wajen fita. In ya salwanta ba ofishin da za ka je ka yi kuka. Sai jimlar da ta fi tsaya mini, wadda masu kirifton da kansu suka rubuta: kada ka zuba abin da ka san za ka buƙace shi a wata rana da aka riga aka tsayar. Mu kuwa ranarmu a tsaye take, an gaya wa limamin coci, an aika Ossu. Ba na cewa ba zai tashi ba, Maun. Yana iya tashi, ka yi mini dariya har tsufanmu, kuma zan ɗauka. Na kuma san ba kwaɗayi ba ne ya sa ka. Ba ka samu zuwa jana'izar Apá ba, kana so a ce ɗansa na Turai ya yi masa biki na ɓauna biyu. Amma Apá da ɓauna ɗaya ya yi wa nasa mahaifin, kuma har yau ba wanda ya zage shi.

Yanzu ga roƙona. Dokarmu ta biyu ta ce ba zan wallafa Tetum ɗin ba sai mutum na biyu ya karanta ya sa sunansa. Januário ya bar ƙungiyar, kuma a cikin waɗanda suka rage ba mai jin Tetum. Kai kana jin sa, Turancinka kuma ya fi nawa nesa. Na tambayi Dona Zuleide ko ɗan'uwa yana iya zama mai dubawa, ta ce doka ba ta hana ba, ta ce in gaishe ka. Shafi huɗu ne, na haɗa su da wannan takarda tare da na Turancin. Ka karanta layi bayan layi, duk inda na yi kuskure ka ja mini layi, ba zan ji haushi ba. In ka gama, ka kira Tiu kafin Juma'a da daddare agogonku, domin lokacin da gari zai waye muku ranar Asabar motar ta riga ta bar Venilale. Abin da za ka gaya masa naka ne.

Ka gaishe mini da Mana Delfina, ka ce mata takalmin da ta aiko ya yi mini daidai. Ka shafa kan Tomé. Ka gaishe da ɗan'uwanmu Primo Anacleto da duk 'yan Baucau da kuke cin abinci tare ranar Lahadi. Amá tana gaishe ku, ta ce ka riƙa sa hula. Tia Rosália da Tiu Cornélio ma suna gaisuwa, shi ya ce in gaya maka Dotora ta fi ƙarfinsa.

Akwai abubuwan da ban sani ba, kuma ba na so in rufe kamar na san su. Ban san inda farashin zai kai a Agusta ba, wanda ya ce maka ya sani kuma ƙarya yake. Ban san ko Tiu ya karɓi kafin alƙalami daga mai sayen ba, na tambaya ya canja magana. Ban san ko Wanderley yana lafiya ba. Ban san ko Amá da gaske take kan maganar baƙaƙen kayan ba, ko da yake ban taɓa jin ta faɗi abin da ba ta yi ba. Kuma ban san ko faɗuwar Afrilu ta faɗi da kai ba, ko kuɗin shinkafa da rumfunan da ka ce za ka turo suna ciki, shi ya sa kake neman ɓaunar ta cike gurbi. In haka ne, ka gaya mini ni kaɗai. Za mu rage rumfa, mu rage baƙi, ba wanda zai ji daga bakina.

A ƙasan shafi na huɗu akwai layi biyu. Na sa sunana a na farko, na bar maka na biyu.

Ƙanwarka mai jiran amsarka,
Zelinda