Ku Bar Tsohuwa da Muryarta

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Al'adu na ƙungiyarmu ta Hausawa mazauna Madina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti, ina neman afuwa da na fito da maganar nan fili. Na yi ta a waya, na yi ta a ƙofar masallaci, kullum amsar ɗaya ce, bukra, wato gobe, in sha Allah. To, bukrar nan ta ƙi zuwa, abin da nake nema kuwa ba ya jira.

Ni likita ne mazaunin unguwar Al-Azizya. A Kyuba na yi karatu, can na koyi Sifaniyanci, can kuma wani dattijon malaminmu ya fara sa mini faifan tsofaffin waƙoƙin mutanensu. Ranka ya daɗe, wallahi mutanen nan sun burge ni. Masu ɗaukar murya sun saɓa na'ura sun bi ƙauye ƙauye, suna zama gaban manoma da masunta da tsofaffi mata, suna naɗar doguwar waƙa mai ba da labari, da ta rarrashin jariri, da karin magana. Kuma ba su gyara wa kowa baki ba. Akwai wata tsohuwa da ba na mantawa. Tana cikin waƙa sai baiti ya ɓace mata, ta ja tsaki, maƙwabciya ta tuna mata daga bayan katanga, suka kwashe da dariya, zakara na ta cara. Da ta gama ta faɗi sunanta da na ƙauyensu da na gwaggon da ta koya mata. Ta rasu tun ba a haife ni ba, amma yau in na ji muryarta cikin dubu zan gane ta. Inda lafazinta ya saɓa da na 'yan birni an bar mata abinta, domin ta nan masana ke gane hanyar da waƙar ta biyo har ta ƙetaro teku daga Sifen.

Sha'awar wannan aiki ce ta sa na kawo muku shawarar mu ma mu naɗi tsofaffinmu, kuka karɓa hannu biyu, Allah Ya saka. Ga inda aka samu matsala.

Na ɗaya. Surukata, da ke zaune a unguwar Jurf, tana da waƙar da mahaifiyarta ta riƙa yi a hanyar hajjin ƙasa, tun daga ƙasar Katsina, ta Chadi, ta Sudan, har bakin teku. Ka san al'ada, ba zan iya zama gabanta in ce ta yi mini waƙa ba, ko sunanta ba na kamawa. Matata kuma ba ta yarda da hannunta a kan na'ura ba. Shi ya sa muka danƙa wa kwamiti amanar, uwargidan sakatarenku ta je cikin watan Sha'aban ta naɗe ta da wayar mijinta.

Na biyu. Abin da aka turo mana bayan Sallah ba muryarta ba ce. Wani saurayi ne mai zaƙin murya yake karanta baitocin da Hausar Kano tsantsa, kamar mai labarun rediyo. Da na tambaya, sakatare ya ce wai Hausar Hajiya ta gurɓace da Larabcin Sudan da kalmomin Chadi, ga tari, ga katsewa, kada mutanen gida Nijeriya su ji su ce Hausawan Madina sun ɓata harshe. Haba, ranka ya daɗe! Kalmomin nan ai su ne hanyar. Kowace a wani zango aka tsince ta, a bakin wata rijiya ko a gonar auduga da aka yi ƙwadago don samun guzuri. An wanke waƙar tas, an zubar da tafiyar tare da ruwan wankin.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Cikin azumi Hajiya ta gamu da shanyewar ɓarin jiki, harshenta ya yi nauyi. Likita nake, na san ba za ta sake rera waƙar nan ba sai wani ikon Allah. Muryarta ta asali wuri guda kaɗai ta rage a duniya, cikin wayar sakatarenku, kuma na ji yana cewa wayar ta cika, zai share tsofaffin abubuwa.

Don haka ina roƙon ka umarce shi kada ya taɓa wayar nan har sai an turo mana ɗaukar kamar yadda take, da tarin, da dariyar, da ƙarar kofunan shayi. Ina kuma roƙon duk tsohon da za a naɗa nan gaba a bar shi da bakinsa, a sa ya faɗi sunansa da na wanda ya koya masa, yadda waɗancan bayin Allah suka yi wa nasu. Wanda ke son Hausar littafi ya rubuta ta gefe, ba mu hana ba.

Ba don kaina nake naci ba. 'Yata Safiyya a nan aka haife ta, tana jin Hausa amma da Larabci take amsawa. Ranar da muka kunna abin da kuka turo a ɗakin kakarta, baiti biyu kawai ta ji ta ce da Larabci wannan ba Sittinta ba ce, wato kakarta. Hajiya tana kwance tana jin mu. Ta buɗe baki za ta yi wa yarinyar yadda waƙar take, sautin ya ƙi fita, sai hawaye.

Allah Ya yi maka jagora, Ya albarkaci zuri'arka, Ya sa jikokinka su ji muryarka yadda take bayan ba ka. Ina jiran saƙon tun Hajiya tana da kunnen da za ta ji kanta.

Wassalam.

Ɗan'uwanka,
Likita Bala, Al-Azizya, Madina.