Idon Yaya Sadiƙu a hanyar Mayo-Oulo

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa da fatan kana cikin rahama. Na san ba za ka karanta wannan ba, shi ya sa zan iya faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba, har Inna.

Baba, Yaya Sadiƙu yana gyangyaɗi a kan sitiyari. Da idona na gani.

Bayan rasuwarka Kawu Alhaji ya ba shi mota, shi ke ɗauko shinkafa daga Maga kamar yadda kake yi. Ranar sunan ɗan Anti Halima ya kai mu Mayo-Oulo. Muna dawowa da azahar, ina zaune kusa da shi, sai na ga idonsa ya rufe da goro a bakinsa. Motar ta zame a hankali zuwa hannun masu tahowa. Rami muka faɗa ya farka. Ya dube ni, na sunkuyar da kai. Inna tana baya, ba ta san an yi ba.

Haka naka ya faru, ko? Jandarmomi sun ce kai ka bar hannunka ka shiga gaban kamiyon, babbar motar auduga. Ka ji komai kafin nan?

A rediyo na ji wai a Turai an wajabta wa sababbin motoci wata na'ura. In mota ta fara barin layinta sai ta yi ƙara, har ta maido da sitiyari. Na yi murna, sai mai bayanin ya ce farin fentin titi take bi. Baba, ina fenti a hanyarmu? Kuma yaushe irin wannan mota za ta iso unguwarmu Jambutu?

Yanzu duk ranar da Yaya ya fita, ba na iya cin abinci. In waya ta yi ƙara a ɗakin Inna, sai in ruga bakin ƙofa in ji ko waye.

Ka san ni, ko gaisuwa ba na iya ɗaga murya a gaban Kawu. In na faɗa, wataƙila ya karɓe motar, kuma da ita muke ci. Yaya ba zai sake yi mini magana ba.

Gobe Juma'a Inna za ta aike ni gidan Kawu da fura. Ba zan ajiye ƙwaryar in gudo ba. Zan durƙusa a bakin ƙofa har sai ya tambaye ni ko lafiya.

Allah ya haskaka makwancinka.

'Yarka,
Ummi